Sarkin Musulmi Attahiru Ɗan Ahmadu: Wata biyar a gadon sarauta, wata huɗu a hanyar hijira

A jerin Sarakunan Musulmi da suka gaji Shehu Usmanu Ɗanfodiyo babu wanda zamaninsa ya kai na Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu gajarta. An yi masa mubaya'a a watan Oktoban 1902, Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya kuma kwanta dama a fagen fama a Burmi a ƙarshen watan Yulin wannan shekarar. Bai samu sukunin kafa gari ko gina ribaɗi ba kamar yadda iyayensa suka yi. Abin da ya wanzar da sunansa shi ne tambayar da ta faɗo a kansa, wadda babu wani Sarkin Musulmi kafinsa da ya yi ido huɗu da ita: idan ƙasa ta faɗa hannun wanda ya fi ƙarfin makami, me ya wajaba a kan shugaba? Ya yi yaƙi, ya miƙa wuya, ko ya kwashi jama'arsa ya bar ƙasar? Attahiru ya ba da tasa amsar, Wazirinsa ya ba da wata daban, kuma daga waɗannan amsoshi biyu ne Arewar da aka sani a yau ta tsiro.

Asalinsa da gidan da ya fito

Muhammadu Attahiru tattaɓa-kunnen Shehu ne. Mahaifinsa shi ne Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ake wa laƙabi da Zaruku, ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Kakansa kuwa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ƙanen Muhammadu Bello, wanda ya riƙe daula daga 1837 zuwa 1842. Tun bayan rasuwar Bello sarautar ta riƙa kai-kawo galibi tsakanin zuriyar Bello da ta Atiku. Gidan Atiku ya yi ƙarfi a arewacin Sakkwato, wajen ribaɗin Cimola, inda ake tare hare-haren da ke zuwa daga Gobir da Azbin. A wannan yanki ne ɗan'uwansa Muhammadu Maiturare, wanda ya riƙe sarautar Marafa, ya zauna a Gwadabawa. Sakkwatawa kan kira shi Attahirun Ahmadu don su bambanta shi da takwaransa na gidan Bello, wato Attahirun Alu.

Duk ɗan gidan Shehu na wancan zamani ya tashi ne da labarin hijira a kunnensa. Daular kanta da hijira ta fara, lokacin da Shehu ya tashi daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A 1806 ya rubuta littafinsa Bayanu Wujubil Hijra, inda ya zayyana hukuncin barin ƙasar da Musulmi ba zai iya tsayar da addininsa a cikinta ba. Ban da wannan, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu, don ta haɗu da Mahadi. Maganar ta yi ƙarfi har a shekarun 1880 mutane suka fara tashi, sai da Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin bai yi ba tukuna. Saboda haka ranar da Attahiru ya kama hanyar gabas, mutane da yawa sun ɗauka cewa lokacin da aka daɗe ana jira ne ya zo.

Daular da ya gada

Attahiru ya gaji baffansa, Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1891 zuwa 1902, kuma zafin halinsa ya sa ake masa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Zamaninsa ya gajiyar da daula. A farkon mulkinsa ya murƙushe boren Talata Mafara da ƙarfi, abin da ya bar tabo a zukatan Zamfarawa. A 1892 ya tara rundunar daula ya kai wa Argungu yaƙi, Kabawa suka mayar da shi baya. A 1893 ya naɗa Tukur Sarkin Kano ba da son yawancin 'ya'yan sarautar Kano ba, aka shiga Yaƙin Basasa wanda bai ƙare ba sai 1895, lokacin da Aliyu Babba, wato Alu, ya tabbata a gadon Dabo da ƙarfin takobinsa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsarin daular ma bai dace da irin yaƙin da ke tafe ba. Babu runduna guda ta dindindin. Kowane sarki da nasa dawaki da nasa dakaru, ana tara su ne da rani idan Sarkin Musulmi ya aika, su watse idan damina ta kama. Manyan ƙasashe kamar Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa suna aiko da gaisuwa, amma kowace tana tsare kanta ne da kanta. Garuruwan da Sarkin Musulmi ke iya kira kai tsaye su ne na kusa da shi, wato na ƙasar Sakkwato da na Zamfara, irin su Anka mazaunin Sarkin Zamfara, da Gummi, da Bukkuyum, da Bakura, da Gusau, da Ƙauran Namoda. Wannan yanki shi ne rumbun hatsin Sakkwato, ta cikinsa ne kuma hanyoyin fatake suka ratsa zuwa Kano da Katsina da Nufe. Duk wanda ya mallaki hanyoyin Zamfara ya riƙe ƙofar Sakkwato ta gabas.

Yadda Turawa suka kewaye ƙasar

Lokacin da Attahiru ya hau gado, Ingila ita ce daula mafi faɗi a duniya. Tana mulkin Indiya, ta mamaye Masar tun 1882, ta ƙone birnin Benin a 1897, ta karya daular Mahadin Sudan a yaƙin Omdurman a 1898, ta murƙushe Asante a 1900. A taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai sun shimfiɗa ƙa'idojin da za su bi wajen rabon Afirka, ba tare da an gayyaci wani sarki na Afirka ba. Ciniki ne ya fara shigo da Ingila bakin Kogin Kwara. A 1885 wakilin wani kamfanin Ingila, Joseph Thomson, ya zo Sakkwato da Gwandu ya koma da takardun yarjejeniya. Sarakuna sun ɗauke su a matsayin izinin ciniki, kamfanin kuma ya nuna su a Turai a matsayin shaidar mallakar ƙasa. A 1886 kamfanin ya samu takardar izinin mulki daga gwamnatin Ingila ya zama Royal Niger Company a ƙarƙashin George Goldie, a 1897 kuma ya kai wa Bida da Ilori yaƙi.

Faransa na matsowa ta arewa da yamma. A 1898 Ingila da Faransa suka zana iyaka da alƙalami, suka kewaye Sakkwato da layi mai nisan mil 100 daga birnin. A 1899 sojojin Faransa suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kama Damagaram, a 1900 kuma suka kashe Rabe a Kusuri. Ranar 1 ga Janairun 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfani, Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya shelanta cewa Arewa duka tana ƙarƙashin kariyar Ingila. A lokacin ko kashi ɗaya cikin goma na ƙasar bai taka ba.

Daga nan ya riƙa cin ƙasashen ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida a farkon 1901, Yola a watan Satumbar wannan shekarar, Bauchi a farkon 1902, sannan aka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau. Hujjar da Lugga ke bayarwa a Landan ita ce hana harin bayi. Harin bayi kuwa gaskiya ne ana yin sa, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya yi ƙaurin suna a kai. Sai dai babban abin da ke gaban Lugga shi ne riga Faransa mallakar ƙasar da kasuwanninta. Sojojinsa yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa, hafsoshi kaɗai ne Turawa. Ƙarfinsu yana ga igwa da bindiga mai ruwa, wadda ke aman ɗaruruwan harsasai a minti guda, alhali tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani.

A watan Mayun 1902 Lugga ya ce ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Wasu masana tarihi, musamman D. J. M. Muffett a littafinsa na 1964, sun yi shakkar ingancin wannan wasiƙa. Ko ma mene ne gaskiyarta, ita Lugga ya riƙe a matsayin hujja. Ana cikin haka, a farkon watan Oktoban 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da karramawa. A cikin wannan watan ne Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru Sarkin Musulmi na 12 idan aka fara ƙidaya daga Shehu.

Shawarar da ta raba kan fada

Sabon Sarkin Musulmi ya tarar da fada a rabe gida uku. Wasu na ganin a tsaya a yi yaƙi, ko a yi nasara ko a yi shahada. Wasu na ganin a nemi sulhu, tunda duk garin da ya tsaya ya faɗi. Wasu kuma na ganin a tashi tun kafin Nasara su iso. Cikin masu wannan ra'ayi na uku akwai Alƙali Abdullahi, wanda ya rubuta risala yana kafa hujja cewa idan babu ikon tare abokin gaba, kuma sulhu zai kai ga zama ƙarƙashin hukuncinsa, to hijira ta wajaba. Sarkin Kano Alu ma ya rubuta wa Waziri Muhammadu Buhari yana nuna cewa barin ƙasar ya fi. Zuciyar Attahiru ta karkata ga hijira, amma tashi da birni guda, da mata da yara da tsofaffi da dabbobi, ba aikin kwana kaɗan ba ne, kuma manyan fada ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ana ta shawara har lokaci ya ƙure.

A watan Janairun 1903 Sarki Alu ya taso da manyan Kano da dawaki masu yawa ya zo Sakkwato yin mubaya'a. Yana can Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji fiye da 700, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Labarin ya iske Kanawa a ƙasar Zamfara suna kan hanyar komawa gida. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, Alu ya rabu da rundunarsa da dare ya nufi arewa, daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Rundunar ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wasu suka koma Kano suka miƙa wuya, Turawa suka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu ya ja sauran suka yi karo da sojojin Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, suka yi ta kai sukuwa a kan bakin bindiga har Wazirin ya faɗi. Ta haka Sakkwato ta rasa babbar rundunar da za ta iya kawo mata ɗauki, a kan ƙasar Zamfara.

Yaƙin Giginya

Daga Ƙauran Namoda Morland ya aika wa Attahiru wasiƙa yana sanar da shi zuwansu. Attahiru ya amsa cewa zai tara mashawartansa ya ji ta bakinsu. Turawa ba su jira ba. Janar Kemball da Morland suka ratsa ta Bakura, arewa da ƙasar Anka, suka sauka Shagari, inda suka haɗu da wata runduna da ta taso daga Argungu. Jimillarsu sojoji kimanin 650 ne da hafsoshi Turawa, da igwa da bindigogi masu ruwa.

Da safiyar 15 ga Maris 1903 rundunar Sakkwato ta fito bayan ganuwa ta ja daga a filin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi na tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Raba Ibrahim na riƙe da ɓangarorin biyu. Marafa, wanda ya san aikin bindigogin Turawa daga gumurzun da ake yi da Faransawa a arewa, yana cikin waɗanda suka fahimci abin da ke tafe. Turawa suka yi sahu mai kusurwa huɗu suka buɗe wuta tun daga nesa, inda kibiya da mashi ba sa kaiwa. Kafin rana ta take yaƙi ya ƙare. Wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi, in ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka, har aka gama da su. Asarar Turawa ba ta taka kara ta karya ba. Attahiru ya fita daga filin ya nufi gabas, manyan fada suka watsu, birni ya zama kusan kango.

Waɗanda suka zauna

Waziri Buhari ya fita shi ma, ya tsaya a ƙauyukan gabas da birni tare da ɗimbin jama'ar da ba su san inda za su dosa ba. A nan ya tara malaman da ke tare da shi ya nemi fatawa. Suka ba shi shawarar cewa idan Musulmi suka ji tsoron halaka, ya halatta su yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri a kan al'amuran duniya, matuƙar bai hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Da wannan ya koma Sakkwato. Daga baya ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilansa da irin damuwar da ta dame shi a kan abin da ya aikata. Hujjarsa ita ce idan malamai da shugabanni duka suka tashi, talakan da ba shi da guzuri ko abin hawa zai zauna ba mai ja masa gora, ƙasar kuma ta rasa addininta gaba ɗaya.

Lugga ya iso Sakkwato ranar 19 ga Maris. Ranar 21 ga wata aka tabbatar da Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba, jikan Bello, a matsayin sabon Sarkin Musulmi. A jawabinsa Lugga ya bayyana cewa duk ikon da Fulani suka samu ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi: naɗa sarki da tuɓe shi, sanya haraji, iko da ƙasa da ma'adinai. Ya hana harin bayi da cinikinsu, ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Aka bar Manjo Burdon a matsayin Razdan. A ganin Lugga magana ta ƙare, har ya yi shirin tafiya hutu Ingila.

Hanyar gabas

Attahiru ya sauka Gusau da mutane kaɗan. Daga nan ya aika wa jama'a kira cewa duk mai iko ya taso a tafi gabas, zuwa Makka. Abin da ya biyo baya ya ba Turawa mamaki fiye da duk abin da suka gani a Kano ko Giginya. Lokacin sharar gona ne, ana jiran ruwan shuka, amma manoma suka bar gonaki, masu sana'a suka ɗaure kayansu, malamai suka taso da almajiransu. Ayarin ya ratsa tsakanin Kano da Zariya yana ƙaruwa a kowane zango, har rahotannin Turawa suka riƙa ambaton garuruwan da suka zama babu kowa. Sarkin da aka kora daga birninsa ya fi ƙarfi a kan hanya fiye da yadda yake a fada.

Manyan da Turawa suka raba da ƙasashensu suka riske shi: Etsu Nufe Abubakar na Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Sarkin Misau Ahmadu, da jama'ar Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka koro daga yamma, cikinsu har da malaminsu Alfa Hashim. Ba kowa ne ya taso don dalili guda ba. Wasu addini ya taso da su, wasu tsoron baƙin da ba su sani ba, wasu neman mayar da sarautar da suka rasa. A daidai wannan lokaci kuma bayi da yawa sun yi amfani da rikicewar ƙasa suka tsere daga iyayengijinsu suka nufi garuruwansu na asali.

Turawa sun gane hatsarin. Ba su da yawan da za su mulki ƙasa da kansu, dabararsu duka ta dogara ne ga sarakunan da suka naɗa, kuma muddin akwai Sarkin Musulmin da aka yi wa mubaya'a yana raye jama'a na bin sa, waɗannan sarakuna ba su da tushe. Ƙasar da mutanenta suka tashi kuwa babu mai noma ta, babu mai biyan haraji. Sai aka saki rundunoni daga Kano da Zariya da Bauchi suna bin ayarin, suna kai masa hari, aka kuma umarci sababbin sarakuna su rufe ƙofofinsu su hana shi abinci. Attahiru ya aika wa Turawa cewa shi ba yaƙi yake nema ba, hanya kawai yake so a ba shi ya wuce. Amsar da ya samu ita ce ya miƙa kansa ba tare da sharaɗi ba.

Burmi

Bayan tafiyar fiye da kilomita 700, yunwa da gajiya sun rage ayarin. Ya isa ƙasar Gwambe, bakin Kogin Gongola, kusa da Dutsen Bima wanda jama'a suka daɗe suna dangantawa da labarin Mahadi. A nan akwai garin Burmi mai ganuwa, mazaunin mabiyan Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai Lakwaja. Ranar 13 ga Mayu 1903 Kyaftin Sword ya kai wa garin hari, mutanen Burmi suka tsaya masa har ya janye da raunuka masu yawa a cikin sojojinsa. Wannan ne karo na farko a yaƙin cin daular da aka mayar da rundunar Turawa baya daga bakin ganuwa. A wannan gari ne Attahiru ya tattara ragowar jama'arsa.

Turawa suka tara sojoji daga wurare da dama har da Lakwaja. Ranar 27 ga Yuli 1903 suka dawo a ƙarƙashin Manjo Marsh. An gwabza tun da hantsi har rana ta yi sanyi, daga bakin ganuwa zuwa cikin lunguna. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh. Mutanen Burmi da muhajirai fiye da 600 suka rasu, cikinsu har da Magajin Keffi. An samu gawar Sarkin Musulmi Attahiru a tsakiyar gawarwakin mutanen da suka kewaye shi. Kabarinsa na nan a Burmi, kusa da Bajoga, a Jihar Gwambe ta yau.

Abin da ya biyo baya

Hijirar ba ta mutu a Burmi ba. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya ta ƙasar Chadi har Sudan. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake har yau da zuriyar Hausawa da Fulani. Ƙaddara ta sa ƙasar da suka isa ita ma Ingila ta riga ta mamaye ta tun 1898. Alfa Hashim kuwa ya kai Madina, ya zauna yana karantarwa har ƙarshen rayuwarsa.

A gida, hanyar Waziri Buhari ce ta zama tsarin mulki. Sarakuna suka zauna a gadajensu a ƙarƙashin Razdan da Di'o, aka kafa En'e da baitulmali, aka tsara haraji da jangali. Sarakunan yammacin Zamfara, Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum, suka koma hakimai a ƙarƙashin En'en Sakkwato, yankin kuma ya ci gaba da bin Sakkwato har aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Bautar da aka ce an zo kawarwa ba a soke ta gaba ɗaya a doka ba sai 1936. A 1906, da talakawan Satiru suka yi bore suka kashe Turawa uku, fadar Sakkwato ta tsaya tare da Turawa, aka shafe garin daga doron ƙasa. Marafa Maiturare, wanda ya ja daga a Giginya, shi ya zama Sarkin Musulmi a 1915. A 1914 Lugga ya haɗe Arewa da Kudu. Tutar da aka kwashe daga hannun mutanen Attahiru ta zauna a wajen sojojin mulkin mallaka har 1960, shekarar samun 'yancin kai, sannan aka mayar da ita Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Ana danganta wa Attahiru wata waƙar Hausa a kan zuwan Annasara, wadda masana adabi ke sanyawa cikin muhimman rubutattun waƙoƙin wancan zamani. Masana tarihi kuma har yau suna auna shi da Wazirinsa. Masu goyon bayan Buhari na nuna cewa zamansa ne ya tsare kotunan alƙalai da makarantun allo da na ilimi da sarautar kanta, ta yadda aka kai 1960 da su a raye. Masu goyon bayan Attahiru na nuna cewa abin da aka tsare ɗin ya zama makamin da baƙo ya yi mulki da shi shekara 57, da shi aka karɓi haraji, da shi aka rushe Satiru. Kowane ɓangare na da abin kamawa, kuma mutanen biyu daga littattafan Shehu guda suka ɗebo hujjojinsu.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne, a tsakanin Maris da Yulin 1903, lokacin da ba shi da fada, ba shi da taska, ba shi da abin da zai ba kowa, dubban talakawa sun bar gonakinsu a bakin damina sun bi Attahirun Ahmadu. Da Turawa suka nemi ya miƙa kansa, ya ƙi, ya tsaya tare da waɗanda suka amsa kiransa har ya faɗi a cikinsu. Allah Ya jiƙansa da rahama, da shi da waɗanda suka kwanta tare da shi a Giginya da Kwatarkwashi da Burmi.